Maɓallin Hagu

"Ba nan ba, Maƙwabciya. Ƙasa kaɗan. Ki sassauta hannu, ba almakashi kika riƙe ba."

Gwaggo Tela ta sassauta. Ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda Malam ya ce wai sunansa ɓera, ya sulluɓe mata, kibiyar da ke kan allon kwamfuta ta yi tsalle ta maƙale a lungu. Ta ja tsaki. Matar da ke zura zare a allura tana hira, yau ga ta tana kokawa da ɓeran roba a ɗakin maƙwabci, shayin da ta kawo masa yana hucewa a gefe. Da ba don hannunsa ya soma rawa har cokali yana gagararsa ba, ai ko a mafarki ba za ta taɓa abin nan ba.

Bango ɗaya ne ya raba ɗakunansu a hawan sama na wani tsohon gidan haya. Ita mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya ta yi aure can nesa, sai dai gaisuwa a waya, ita ma a gaggauce. Shi kuwa matarsa ta riga shi gidan gaskiya, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Mutanen gidan suna kiransa Malam Tabarau, yawancinsu a zatonsu don gilashin da ke idonsa ne. Gwaggo ce kaɗai ta san asalin sunan.

Lokacin da idon matarsa ya fara mutuwa, ita kuwa mace ce mai son karatu kamar me, Malam ya zauna ya rubuta mata manhajar kwamfuta. Tana ƙara girman rubutu a allo, in ma ido ya gaji sai ta karanta wa mutum da murya. Ya sa wa abin suna Tabarau, kuma "shi" yake ce masa kamar mai maganar ɗansa. Daga baya ya sake shi a intanet kyauta, har da duk rubutun da ke cikinsa, kowa ya gani, kowa ya kwafa, mai iyawa ya kawo gyara. Ranar da ya yi wa Gwaggo bayani, cewa ya yi kamar ta ɗinka riga ne sannan ta rataye zanen yankan a bakin ƙofa don kowane tela ya ɗauka. Ta ce wannan ai kashe kai ne da rana tsaka. Ya yi dariya har sai da ya cire gilashi ya goge ido.

To, kyauta dai ta jawo masa jama'a, amma ba irin wadda ke hawo bene ta gaishe ka ba. Mutane ne a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, masu raunin ido da masu kula da su, kuma ba sa tuna shi sai abu ya lalace. Akwai shafin da suke rubuta ƙorafi. Duk wanda ya shigo, kwamfutar ta yi ɗan ƙara, ƙil. Lokacin yana da lafiya, Gwaggo tana ji ta bango in ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, daga nan sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin yatsunsa yana ba da amsa. Da wannan take sanin maƙwabcinta ya tashi lafiya. Ba ta taɓa faɗa masa ba, amma ranar da ƙaran ya yi jinkiri, ɗinkinta ba ya miƙewa.

Da ƙyar ta kamo kibiyar ta kai ta inda yake so, ta danna. Sabon ƙorafi ya buɗe, Tabarau ya karanto shi da muryarsa marar gaggawa. Wani ne yake tambaya ko manhajar nan ta mutu ne, don an daɗe ba a ga sabon gyara ba.

Gwaggo ta ce, "Kai, mutane ba su da ta ido. Ko sannu babu?"

Malam ya soma dariya, tari ya karɓe ta. Sai da ya lafa sannan ya ce mata ba laifin mai tambaya ba ne. A wannan sana'a, in mai kula da manhaja ya ɓace, aka daina jin ɗuriyarsa, akwai sunan da ake liƙa mata: maraya. Za ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci, kwamfutoci su yi ta canzawa ita tana nan a tsaye, wata rana a kunna ta ƙi tashi, shi ke nan a cire ta daga jerin manhajoji. Makahon da ya saba da ita ya wayi gari allonsa ya yi shiru.

Ya ce, "Ba mutuwar nake tsoro ba, Maƙwabciya. Wannan sunan ne ba na so a sa masa."

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ta san abin da likita ya faɗa, don ita ta riƙe masa jaka a dawowarsu daga asibiti. Sai ta tambaye shi, duk cikin mutanen nan babu wanda zai karɓa? Ya juya kofi a hannunsa. Can ya ce akwai, amma sun ɓata. Da ta tambayi dalili, ya ce a kan maɓalli ne.

Ta dube shi sama da ƙasa. Dama ga rigarsa mai ruwan toka tana can ɗakinta tun kwanaki, ya ba ta ta mayar masa da maɓallin wuya, tana ta cewa gobe. Ta ce in dai maɓalli ne ya kwantar da hankalinsa, tana da gwangwani guda, ya aiko mutumin ya zaɓa.

Ba irin wannan ba, in ji shi. Ya sa ta buɗe Tabarau, ya nuna mata wani babban maɓalli, da'ira mai ruwan ɗorawa, a gefen hagu na allo. Shi ake dannawa murya ta fara karatu. Mutumin da suka ɓata ɗin ba wanda ya san fuskarsa ko sunansa na gaskiya, hoton mujiya ya sa a shafinsa, don haka Mujiya Malam ke ce masa. Shekara da shekaru yana aiko gyara, aikinsa tsaf, ba ya neman yabo. Rannan sai ya kawo shawarar a mayar da maɓallin nan dama, inda sauran manhajoji ke sa nasu, don baƙo ya gane da wuri. Har ya yi aikin ya aiko. Malam ya ba shi amsa mai zafi a gaban kowa, ya ce wanda bai haifi abu ba kada ya zo yana canza masa kama, ya buga wa shawarar hatimin "ba za a gyara ba", ya rufe ta. Tun daga ranar Mujiya bai sake cewa uffan ba.

"To me ya sa dole sai hagu?"

"Idon marigayiya na hagu ne ya rage yana gani."

Gwaggo ta ajiye ɓeran. Ta tambaye shi ko ya faɗa wa Mujiya haka. Ya ce shafin ƙorafi ba wurin maganar iyali ba ne. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma in bai nuna ba, kada ya zagi mai gyaran rufi. Ya ce shayin ya huce. Haka yake yi in an kama shi.

Daga ranar aikin Gwaggo ya ƙaru. Da safe ta kawo shayi, ta zauna a kujerarsa, shi yana kishingiɗe a gado yana faɗa tana dannawa da yatsa ɗaya. Ta koyi cewa kowa na iya rubutu da harshensa, na'ura ta juya wa ɗayan. Ta koyi cewa ba a rufe ƙorafi sai an ba shi amsa, wannan dokar Malam ce. Ta kuma koyi cewa akwai abin da ake kira mabuɗi, ba na ƙarfe ba, izini ne na karɓar gyara da fitar da sabon Tabarau, kuma duk duniya a hannun wannan tsohon mai taurin kai kaɗai yake. Kullum kafin ta tashi sai ta ce masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da ke rawa. Kullum ya ce sai ya ɗan ji sauƙi.

Sauƙin bai zo ba. Ƙafafunsa suka kumbura, ta buɗe masa bakin wando da almakashi. Ɗan ƙanwarsa, wanda shi ne danginsa mafi kusa, yakan kira daga wani gari ya ce yana nan tafe in aiki ya sake shi. Maƙwabtan ƙasa sukan tambayi jikinsa a kan matakala, su wuce. Ba mugaye ba ne, kowa da abin da ya dame shi.

Wata ranar da yamma, rana ta faɗo ta taga ta kwanta a kan tebur, ya kira ta da murya ƙasa-ƙasa ya ce ta zauna. Ya bi da ita shafi bayan shafi, har suka iso inda ake rubuta sunan wanda za a ba mabuɗi. Ya faɗi haruffan, ta danna. Hoton mujiya ya fito, idanu ƙuru-ƙuru. Ta danna gayyata. Allo ya nuna cewa an aika, ana jiran ya karɓa.

Ta ce, "Malam, a haɗa da 'yar magana mana. Ko kalma biyu. Mutumin nan ka ɓata masa."

"Mabuɗin ya ishe shi magana."

"Wanda ka kora daga gida, ka jefo masa mabuɗi ta taga, kana ganin zai shigo?"

Ya juya fuska ga bango. Ta ji haushinsa, ta kuma ji tausayinsa ya fi haushin yawa. Ta tattara kofuna ta fita.

Mujiya bai karɓa ba. Kowace safiya abin da Malam ke fara tambaya ke nan, tun kafin ya amsa gaisuwa, ita kuma ta duba ta ce ana nan ana jira. Sai ya gyaɗa kai ya ce ai da ma. Daga baya ya daina tambaya, sai dai ya dube ta, ta girgiza kai.

Ranar da abin ya faru tana kan keke da hantsi, tana ɗinke bakin wani zane. Ta ji ƙil ta bango. Ta ɗaga ƙafa tana jiran ya ƙwanƙwasa mata bango da sandarsa, don haka suka koma yi tunda ya kasa tashi. Shiru. Aka sake ƙil. Ta miƙe da zaren a wuyanta.

Yana kwance ta gefen dama, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci, gilashinsa a ninke a kan kujera. Shayin safe yana nan yadda ta bar shi, ya yi fata a sama. Ta kira shi sau ɗaya, ta taɓa goshinsa, ta zauna a bakin gadon. Ba ta yi kururuwa ba. Ta daɗe a zaune kafin ta sauka ta faɗa wa mutanen ƙasa.

Ɗan ƙanwar ya iso, aka yi abin da ake yi, aka kai Malam makwancinsa. Waɗanda suka raka shi ba su cika mota biyu ba. Gwaggo ta tsaya a taga tana kallon tafiyarsu, tana tuna yadda ya taɓa ce mata masu amfani da Tabarau sun fi mutanen unguwar nan yawa. Ko ɗaya daga cikinsu bai san yau an yi rashi ba. Ɗan ƙanwar ya ce zai koma ya nemo motar kaya, mai gida yana son ɗakinsa. Ya bar mata mabuɗin ƙofa, ya ce, "Gwaggo, a riƙa leƙawa." Ta roƙe shi abu ɗaya, kada ya kashe kwamfutar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta sha wutarta.

Malam ya sha gaya mata Tabarau ba a cikin wannan akwatin yake zaune ba, amma ba ta yarda ba. Ta yanko ƙyalle ta rufe allon saboda ƙura, ta bar ƙofarta a buɗe don ta ji. Ƙil da safe, ƙil da rana. Kowane ɗaya sai ta ji shi a ƙirji, don ta san mutum ne a wani wuri yake sallama a gidan da babu kowa. Ta duba gayyatar, tana nan ana jira. Wani ma ya rubuta a ƙarƙashin tambayar nan ta kwanaki cewa da alama lokaci ya yi da za a kira manhajar maraya.

Wannan kalmar ce ta zaunar da ita a kujerar. Ba ta san inda ake aika wa Mujiya saƙo shi kaɗai ba. Wuri ɗaya ta sani da ake rubutu a shafin nan, wato koren maɓallin da ke cewa sabon ƙorafi. Ta danna. Sai ga tambayoyin da Malam ya tsara da kansa don masu kawo matsala, kowace da gurbin amsa a ƙarƙashinta. Ita kuwa ba ta saba tsallake tambaya ba, don haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da yatsa ɗaya, tana neman haruffa kamar mai tsintar allura a tabarma.

Ta farko ta ce, me ya faru? Ta rubuta: "Ba shi ba ne, ni ce maƙwabciyarsa, da sunansa nake rubutu don ban iya canzawa ba. Malam ya rasu."

Ta biyu ta ce, me ya kamata ya faru? Ta daɗe tana kallonta. Ta rubuta: "Ya tashi ya sha shayinsa."

Ta uku ta ce, yaya za mu yi mu ga matsalar da idonmu? Ta rubuta: "Ku hawo bene da safe ku ƙwanƙwasa. Ba za a amsa ba."

Aka tambaye ta wace irin kwamfuta take amfani da ita, ta ce tasa. A gurbin ƙarshe, inda aka ce ko akwai ƙarin bayani, nan ta zazzage abin da ke cikinta. Ta ce da mai hoton mujiya take. Maɓallin nan an sa shi a hagu ne don idon matar Malam na hagu ne ya rage, don ita aka yi Tabarau, kuma ba su da wani ɗa sai shi. Malam ya ba ka mabuɗi da ransa, ni na danna da hannuna, girman kai ne ya hana shi ba ka haƙuri, ni na ba ka a madadinsa. Kada ka bari a kira yaron nan maraya.

Ta danna aikawa. Ko numfashi ba ta sauke ba sai ga ƙil. Ta danna maɓallin ruwan ɗorawa, murya ta karanto: an gode da wannan ƙorafi, mai kula da manhaja zai duba nan ba da daɗewa ba. Amsar da na'ura ke bai wa kowa ce, Malam ne ya rubuta ta tun yana da ƙarfi. A nan ne kukan da ta riƙe tun ranar ya ƙwace mata, ta kifa kai a kan teburinsa ta yi mai isarta.

Washegari ƙaran bai tsaya ba. Ta zauna ta yi ta dannawa, Tabarau yana karanto mata. Wata ta ce da shi mahaifinta ke karanta saƙon jikokinsa. Wani ya ce da shi ya gama makaranta bayan idonsa ya tafi. Mai tambayar ko manhaja ta mutu ya ce a yafe masa, bai sani ba. Gwaggo tana ji tana cewa a ranta, ina kuke yana da rai? Amma ta saurari kowa har ƙarshe, don an ce ba a barin ƙorafi ba a duba ba. Mujiya dai shiru.

Ranar da motar kaya ta zo, ɗan ƙanwar da mutum biyu suka fara da gado, suka bi da kabad. Gwaggo tana zaune a gaban allo ta ƙi tashi. Ya ce, "Gwaggo, teburin ya rage." Ta ce ya ɗan ƙara mata haƙuri, su sauke littattafai tukuna. Suna kan matakala aka yi ƙil. Hoton mujiya ne. Ta kai kibiyar hagu, ta danna.

Muryar ta ce, "Na ga gayyatar tun ranar, fushi ya hana ni karɓa. Na karɓa yanzu, na makara. Maɓallin zai zauna a hagu muddin ina riƙe da Tabarau. Wannan ƙorafin ban iya gyara shi ba, kuma ba zan rufe shi ba."

Ta sake dannawa ta ji shi karo na biyu. Sannan ta miƙe, ta ninke ƙyallenta, ta ce wa ɗan ƙanwar ya cire wayar. Allon ya yi baƙi, aka naɗe igiyoyi, aka sauka da komai. Ta miƙa mabuɗin ƙofa, ya yi mata godiya, ya ce in ya shigo gari zai leƙo. Ta ce Allah ya kawo shi.

Da ta koma ɗakinta ta zauna a kan keke, sai ta ga ƙafarta ta ƙi takawa, kunnenta yana can jikin bango. Ta jawo kwandon gyare-gyare don ta sami abin yi. Can ƙasa ga rigar nan mai ruwan toka. Ta buɗe gwangwani, ta tona har ta sami maɓallin da ya dace da sauran, ta zura zare, ta ɗinke shi a wuya da kyau, ta ƙulla, ta yanke zaren da haƙori. Ta ɓalla rigar tun daga ƙasa har sama, ta kakkaɓe ta, ta rataye a ƙusar da ke jikin bangon da ya raba ɗakunansu.